Mutuwar Idwal Bebb Ta Biyu

Idwal Bebb ya faɗi ne ranar wankin tumaki, yana tsaye cikin rafi, ruwa iya gwiwa, yana tsakiyar zagin wani ɗan ƙwadago da ya saki rago. Bai ƙarasa zagin ba. Aka ciro shi, aka ɗora a kan ƙyauren garke, aka kai shi gida. Kafin la'asar tsohuwar da ke wankan gawa a ƙauyen ta kara masa madubi a hanci, ta ɗora gashin kaza a leɓensa, ta ce ya tafi.

Matarsa Sinah ba ta yi kuka ba, babu kuma wanda ya ga laifinta. Shekara arba'in da ɗaya tana gidan. Kunnenta na hagu ya daina ji tun shekarar farko. Yatsunta biyu na dama sun warke a karkace, a haka take murza zare. Abin da ta fara yi bayan an rufe masa ido shi ne ta kwaɓa ƙullin burodi, sannan ta ce wa ɗanta Meurig ya hau tudu ya kira Penri mai cin zunubi.

Meurig ya yi ta ƙunƙuni. Ya ce limamin coci ya hana, ya ce mutanen kasuwar Knighton dariya suke yi wa masu yin haka yanzu. Ta ce ko ya je ko ita ta je.

Ta san abin da mamacin da ba a ci masa zunubi ba yake yi. Uban Idwal ya mutu ne a shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya, babu wanda ya iya hawa tudun, aka binne shi da kayansa a kansa. Lokacin Sinah tana amarya. Uwar mijinta ta yi shekara tara bayan haka, ba ta sake yarda ta zauna ita kaɗai a ɗaki ba. Tana cewa yana tsayawa a bayanta idan tana tatsa, tana jin numfashinsa a wuya. Wata rana a ga shaidar yatsu a damtsenta. Tun a lokacin Sinah ta yanke wa kanta magana guda: za ta ɗauki Idwal da ransa, duk tsawon da Allah ya ba shi, amma ba za ta ɗauke shi a mace ba.

Ranar ta uku da hantsi aka fito da akwatin gawar a buɗe, aka ajiye a ƙofar gida. Penri ya riga ya iso, yana tsaye a bakin shinge, don ba ya shiga sai an yafito shi. Aka tura masa 'yar kujera da ƙafa. Sinah ta ɗauko burodin da ya kwana a ƙirjin mamacin, ta barbaɗa gishiri, ta miƙa masa ta saman gawar. Ta miƙa akushin giya ta nan dai.

Haƙoransa sun ƙare, don haka cin ya ɗauki lokaci. Lowri, matar Meurig, ta raɗa wa ta kusa da ita cewa da irin kayan Baba ai burodi biyu ya kamata a toya. Tudur Gittins, maƙwabcin da Idwal ya matsar wa dutsen iyaka shekara ashirin da suka wuce, ya ce a bar bawan Allah ya tauna a hankali, akwai gonarsa guda cikin lomar nan. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Penri ya shanye giyar, ya kife akushin, ya miƙe.

"Idwal Bebb, kayanka sun sauka, na ɗauka. Kwanta. Kada ka waiwayo gidan nan."

Meurig ya jefa masa sisi a ƙasa. Da ya sunkuya ya ɗauka sai aka fara abin da aka saba, tofi da sanda da jifa, har ya fita daga shingen yana dafe da ƙeya. Aka haɗa akushin da kujerar aka cinna musu wuta a tsakar fili. Sinah ta tsaya tana kallon hayaƙin. Kafaɗunta suka sauka, abin da ba su yi ba tun tana budurwa.

Kafinta ya ɗora murfi, ya buga ƙusa ɗaya. Yana ɗaga guduma zai buga ta biyu sai ya tsaya, ya karkata kai. Ana yaƙushin katakon daga ciki.

Rabin mutanen suka watse ta kan shinge. Da aka ɓalle murfin, idon Idwal na dama a buɗe yake, hannunsa na dama yana motsi. Ɓarin hagu duk ya shanye, bakin ya karkace, babu abin da ke fita sai gurnani. Aka mayar da shi ciki, aka kwantar a gadon da ya bari. Waɗanda suka gudu suka dawo, tunda an riga an dafa abincin makoki aka zauna aka ci. Tudur Gittins ya ce ashe can ma ba a son maƙwabtaka da shi.

Sinah ba ta ci ba. Akushin ya riga ya zama toka.

Washegari ta hau tudun. Bukkar Penri tana bayan makiyaya, inda ƙasa ta fara zama dutse, akwai ɗan rafi a gabanta wanda ba a tsallakewa. Ta tsaya a gefenta, ta ba bukkar kunnenta mai ji, ta kawar da fuska kamar yadda ake yi. Ya fito yana riƙe da ciki. Ya ce ya riga ya ji, hankaki ma sun ji. Ya ce tun jiya burodin mijinta ke zaune masa a ciki kamar dutsen niƙa, in an zo karɓar sisin ne to ya riga ya zama taba.

Ta ce ba sisi ya kawo ta ba. So take ta san matsayin abin da aka ci.

Ya ce abin da aka ci ya ciwu, ba ya komawa. Idwal Bebb a yau fes yake kamar jinjirin da aka yanke wa cibiya, shi da bai taɓa zama fes ba ko a ranar da aka yi masa baftisma.

"In ya sake mutuwa fa?"

"Sai ku binne shi."

"Za ka sauko?"

"Uwar gida, kowane mutum akushi ɗaya ne. Nasa kun ƙone jiya. Ba a ci wa mutum sau biyu, wanda ya koya mini bai yi ba, ni ma ba zan fara a kan Idwal Bebb ba."

Ta tambaya, to abin da zai yi daga yau fa. Penri ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce wannan nasa ne, da shi zai tafi. Ya ce in da shi ne matar Idwal da sai ya fara addu'ar kada bakin nan ya buɗe.

Ta sauko tana tunani kamar mai shirin tsare kaji daga yanyawa. Ta ina abu zai shigo? Giya ta fara fitarwa, ta sa aka mirgina gangar zuwa rumbu. Yarinyar da ke taimaka musu tatsa ta sallame ta a ranar, don ta san inda idon Idwal yake bi. Ta hana Tudur Gittins da duk wanda suka taɓa sa-in-sa da shi shiga gidan, wato kusan ƙauyen duka. Ta juya gadon ya fuskanci bango, kada ya hangi gonar wani ta taga ya yi sha'awa.

Kwana huɗu bayan haka karen gidan ya shiga ya lashi hannunsa, Idwal ya dunƙule hannun ya ɗaga. Sinah ta kama shi a sama kafin ya sauka. A ranar ta ɗaure hannun a jikin gadon da igiyar da ake ɗaure ƙafar tunkiya lokacin aski.

Ranar ta tara tana goge masa haɓa sai harshen ya motsa.

"Ke..."

Ta san muryar. Ta san kalmomin da ke biyo bayanta, a jere, tun kafin a haifi Meurig. Ta danna tafinta a bakin, ta riƙe har ya gaji. Sannan ta yago ƙyallen ulu, ta cusa rabi a ciki, ta zagaya sauran ta ƙulla a ƙeya.

Abinci kuma sai ta ɗauko ƙahon da ake ɗura wa marayun raguna madara. Tana zura bakin ƙahon ta gefen ƙyallen, ta kurɓa masa kunu kaɗan-kaɗan, sau uku a rana. Tana juya shi, tana wanke shi, tana shafa masa kitse a inda igiyar ta ci. Ba ta taɓa dukansa ba. Duk mai shiga yana cewa bai taɓa ganin majinyaci mai tsabta haka ba.

Meurig ya leƙo sau ɗaya ya ga ƙyallen, ya ce, Inna wannan ba zai yi yawa ba? Ta tambaye shi ko yana son ubansa ya riƙa tsaya masa a baya a garke har ya tsufa. Meurig ya juya ya fita. Dama a cikin makonnin nan ya sayar da raguna talatin ba tare da ya tambayi kowa ba, ya kuma fara zama a kujerar da ke kusa da murhu.

Limamin coci ya zo ganin abin al'ajabi. Sinah ta tare shi a ƙofa, ta ce maigidan yana barci, ta ba shi cuku ya tafi da shi.

Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne Idwal ya ƙi mutuwa. Mako uku, mako biyar. Kumatunsa suka ciko. Yatsun ƙafar hagu suka fara motsi. Tsohuwar mai wankan gawa ta zo ta duba shi, ta ce irin wannan in ya wuce wata guda yana iya kai shekara goma, ta san wani a bayan tudu da ya yi sha biyu.

Lowri ce ta faɗi abin da Sinah ke gudun tunawa. Suna canza shimfiɗa, ita tana riƙe da kafaɗarsa.

"Inna, kin ɗaure hannu, kin ɗaure baki. Idon fa? Dubi irin kallon da yake miki. Ai a coci cewa ake wanda ya tsani mutum a zuci kamar ya kashe shi ne."

Sinah ta duba. Idon yana kanta, jajir, ba ya ƙiftawa.

Lowri ta ja zanen gadon, ta ƙara da wasa cewa ita dai Inna ta huta, akushinta na nan ba a taɓa shi ba, ko limamin ta tura rijiya Penri zai cinye.

Sinah ta kwashi zannuwan ta tafi rafi, ta daɗe tana wanki. A can ta warware maganar. Abin da ke zuci bai fita ba tukuna, yana iya komawa inda ya fito in mutum ya huce kafin ransa ya fita. Abin da baki ya furta ko hannu ya aikata shi ne ba ya komawa. Amma kowace rana da Idwal ya yi a ɗaure zuciyar ƙara cika take, wata rana kuma ƙyallen zai kwance, ko ita ta kwanta ciwo, ko ta riga shi tafiya a bar shi hannun Lowri. Shekara goma ba abin da za ta iya tsarewa ba ne. Shi ba shi da akushi. Ita tana da shi.

Saura abu ɗaya: sai ya huce tukuna, kuma kada ya sani.

Ta jira ranar yankan ciyawa a fili mai nisa, ranar da kowa na gidan yake fita tun safe ba a dawowa sai rana ta yi sanyi. Da suka tafi ta ɗumama ruwa, ta yi masa wanka, ta aske masa gemu, ta sa masa rigar da yake zuwa coci da ita. Ta kwance igiyar, ta murza hannun har jini ya dawo. Ta jawo shi kan kujera mai hannu, ta ja kujerar taku-taku har bakin ƙofa inda rana take. Daga nan ana ganin tumakinsa a kan tudu. Ta shimfiɗa masa buzu a cinya.

Ƙyallen ta bari a ƙarshe. Ta kwance shi da hannu ɗaya, ɗayan tafin yana kusa da bakin, a shirye.

Ya daɗe yana buɗe baki yana rufewa, yana shaƙar iska. Ta ba shi burodi da zuma a yatsa. Ya tsotsa, hawaye ya gangaro daga idon mai gani.

Da maganar ta zo, a gutsure ta zo, sai ta matso da kunnenta. Ya ce ya ji duka. Kwana ukun nan da yake kwance yana ji, ya kasa motsa ko fatar ido. Ya ji ana auna shi da igiya. Ya ji maganar Tudur, ya ji dariyar. Ya ji Penri yana tauna a saman ƙirjinsa. Ya ji ta ita ma, daren farko da aka shimfiɗe shi, tana murza ƙulli tana 'yar waƙa a hanci.

"Babu wanda ya yi kuka," in ji shi. "Ko karen."

Ta ce haka ne.

Ya ce lokacin da Penri ya faɗi maganarsa ya ji wani abu ya tashi daga kansa da gaske, kamar an sauke masa buhu. Abin da yake ta son faɗa ke nan tun ranar ta tara, shi da maganar dutsen iyaka. A gaya wa Meurig ya mayar wa Tudur dutsensa inda yake. Ya lalubo hannunta na dama, ya bi yatsun nan biyu da babban yatsansa.

"Ni na yi wannan."

"Kai ne."

"Ki yafe mini, Sinah."

"Na yafe," in ji ta, da muryar da take yi wa tunkiya magana idan tana so ta tsaya cik.

Ta zauna a dokin ƙofa kusa da ƙafarsa, ta yi wa maganar adalci, ta juya ta. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa. Amma ta taɓa jin irinta. Bayan kunnen ya yi kuka, ya sayo mata ɗankwali daga kasuwa, ya yi kwana uku bai ɗaga murya ba. Bayan yatsun ya yi kwana biyar. Gobe Meurig zai shigo, Idwal zai tambayi ragunan nan talatin. Idan akwai ranar da zuciyar mutumin nan ta fi kowace rana haske, to yau ce, kuma ba ta ga dalilin da zai sa a sake samun irinta ba.

Ta riƙa shafa masa gwiwa. Ta ba shi labarin tunkiyar da ta haifi uku. Rana ta dake shi, zumar ta kwanta, kansa ya langaɓe. Ta jira har numfashin ya yi tsawo, ta ƙara jira. Fuskarsa a sake take, ɓarin da ya shanye da mai lafiyar sun zama ɗaya.

Ta miƙe, ta zare buzun daga cinyarsa, ta ninka biyu, gashin a ciki. Ta zagaya bayan kujerar, ta ɗora masa a fuska, ta rungume kansa a cikinta.

Ta yi tunanin komai ban da hannun. Ita da kanta ta kwance shi, ta murza shi har ƙarfinsa ya dawo. Hannun ya taso ya kama buzun, hannun da ya yi shekara hamsin yana kayar da raguna, ya fizge shi ƙasa kamar taƙi guda. Idwal ya ja iska, ya ɗaga ido, ya gan ta a kife a kansa.

"Allah ya tsine miki, tsohuwar karya."

Babu gargada ko ɗaya. Ko kunnen da ba ya ji sai da ya ji.

Ta mayar da buzun. Babu sauran abin yi. Ya ɗauki lokaci fiye da yadda ta zata, kujerar ta yi ta bugun dokin ƙofa, wata kaza ta zo ta tsaya tana kallo. Da hannun ya saki, ta ƙara riƙewa, sannan ta mayar da buzun cinyarsa, ta rufe masa ido, ta goge zumar da ke haɓarsa.

Masu yankan ciyawa suka dawo suka tarar da shi a zaune a rana cikin rigar coci. Ta ce musu ya nemi a fito da shi, ya yi addu'a, ya ce a mayar wa Tudur dutsensa, ya yi barci bai farka ba. Meurig ya cire hula. Maganar dutsen ya yi kamar bai ji ba.

Ƙauyen ya cika gidan. Mata suka yi ta riƙe hannunta, suna cewa ba a taɓa ganin macen da ta yi wa miji irin wannan ba, ta kai Idwal Bebb kabari fari fat kamar ulun da aka wanke. Wannan karon aka ce a jira kwana huɗu, don a tabbata. Tudur Gittins ya ce shi zai kawo ƙusoshin, dogaye.

Ranar ta uku da sassafe ta toya ƙaramin burodi, ta zura shi ƙarƙashin likkafani, ta bar shi a ƙirjin gawar har hantsi. Ta ɗauke, ta ƙulle a gefen zane da gishiri da 'yar kwalbar giya, ta ce wa Lowri za ta duba tumaki.

Penri yana zaune a bakin bukka, lulluɓe da bargo duk da zafin ranar. Ta tsaya a bakin rafin, ta kwance ƙullin, ta ajiye a kan dutse. Wannan karon ba ta kawar da fuska ba.

Ya dubi burodin, ya ce ya ji an ce mamacin fes ya tafi, to wannan na wane ne?

Ta ce zagi ɗaya ne. Loma ɗaya ma ba zai cika ba. Babu wanda zai sani. Ta ce za ta ba shi tunkiya da ɗanta, za ta riƙa aiko masa cuku har ƙarshen ranta.

"Na gaya miki, uwar gida. Akushi ɗaya."

Ta ce to ai ba a akushi ta kawo ba. Ya ce ko a tafin hannu ta kawo, in ya ci burodi kawai ya ci, kayan suna nan kan mai su. Da yana iyawa da ya karɓi tunkiyar, shi ba mai ƙin nama ba ne.

Ta tsallaka rafin. Ruwan ya shiga takalminta. Ta durƙusa a gabansa, a ƙasar da ko yaran ƙauye ba sa takawa, ta miƙa burodin da hannu biyu. Ya ja jiki baya, shi da aka saba ja wa jiki.

"Mutumin da ya mutu cikin barci," in ji shi, "yaushe ya sami sararin zagi?"

Ya dubi wuyan hannunta, inda farata huɗu suka bar shaida, ya daɗe yana dubawa. Sai ya gyaɗa kai.

"To. Shi dai zai dawo, wannan ki sa a ranki. Ba ranar binnewa ba, sukan ɗan yi kwanaki."

Ta ce ta sani. Ta tattara ƙullin, ta miƙe da ƙyar. Tana bakin rafin ta tsaya, ba ta juyo ba, ta tambaya ko akwai abin da ba ya ci.

Ya ce babu. Shi ba ya tambayar abin da ke cikin burodi, ya ci na wanda ya nutsar da jariri, ya ci na alƙali. Nata ma zai ci, in an kira shi. Tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi, ya tofar a gefe, ya ja ƙasa da ƙafa ya rufe abin da ya fito. Ta riga ta ga launinsa.

"Sai dai ki hanzarta, uwar gida. Babu wanda na koya wa aikin nan, ni kuma ba zan ga fitar sanyin bana ba."